Zauren Malamai da Iyaye: Karanta Labaran Abota da Matasa a Aji

Wasiƙun da suka zo mana daga Legas a wannan karon sun taru a kan abu guda, wato yadda za a yi amfani da ƙagaggun labarai na abota wajen gyara tunani da ɗabi'ar yara 'yan shekara 13 zuwa 17. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da 'yan aji ɗaya na babbar sakandare a wata makaranta mai zaman kanta, kuma yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne. An ba ni darasi ɗaya a mako don tarbiyya. Ina so in yi shi da littafin labari, domin nasiha kai tsaye ba ta kama su. Wane irin littafi zan zaɓa?
Daga wata malama, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kafin ki duba sunan marubuci, ki nemi wuri guda a cikin littafin, inda jarumin ya tsaya tsakanin abokinsa da abin da ya san shi ne daidai, kuma duk wanda ya zaɓa sai ya yi asarar wani abu. In ya tona asiri ya rasa aboki, in ya yi shiru a hukunta wanda bai ji ba bai gani ba. Littafin da ba shi da irin wannan wuri zai iya yin daɗi, amma ba zai yi miki aikin da kike so ba. Wanda kuma tun shafin farko an raba nagari da mugu, nagari bai taɓa kuskure ba, mugu bai taɓa alheri ba, yara za su gano ƙarshensa tun a babi na biyu, su daina tunani, su fara ba ki amsar da suka san kina son ji.

Sai ki duba shekarun jarumin. Ya kasance sa'ansu ko ya girme su da shekara ɗaya ko biyu, domin matashi ba ya son a ba shi labarin ƙaninsa. Tsawo kuma kada ya wuce shafi 80 zuwa 120. Zangon karatu yakan kai mako 12 ko 13, amma in kin cire makon farko da ba a gama taruwa ba, da hutun tsakiyar zango, da bita da jarrabawa, makonni takwas ne a hannunki. Littafi mai shafi 96 ya ba ki shafi 12 a mako, kuma wannan ya yi daidai.

Ki gwada wahalar harshen kafin ki saya da yawa. Ki ba ɗalibi matsakaici, wanda ba shi ne na ɗaya ba kuma ba na ƙarshe ba, shafi guda daga tsakiyar littafin ya karanta a bayyane. In ya yi tuntuɓe da kalma fiye da biyar a shafin, littafin ya fi ƙarfin ajin, kuma lokacin tattaunawa zai ƙare a fassarar kalmomi.

A Hausa, littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937, yana da amfani ta fuska biyu. Labaransa gajeru ne, ana gama ɗaya a zama guda, sannan uwar labarin kanta maganar amana ce: aku yana riƙe ɗan sarki Musa da labarai don kada ya bar gida ya faɗa tarkon Waziri. Tambayar wane ne masoyin Musa na gaske, mai faranta masa ko mai hana shi abin da yake so, ta isa darasi guda cur. Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East labarin ramuwar gayya ne da yadda take cin mai yinta, ya fi dacewa da manyan azuzuwa. A Turanci, ga ƙananan azuzuwa, akwai Chike and the River na Chinua Achebe na 1966, inda yaro a Onitsha yake neman kuɗin jirgin fito don ya haye kogin Neja, abokai suna ja masa hankali nan da can, har da ɗan makarantar da ke rubuta wasiƙun yaudara zuwa Ingila don a aiko masa kuɗi. Yaron Legas na yau ya san mai irin wannan sana'a da waya a unguwarsu, ba sai kin yi masa dogon bayani ba.

Ko wane littafi ne, ki karanta shi da kanki daga bango zuwa bango kafin ya shiga aji, da fensir a hannu, kina sa alama a wuraren zaɓi. In kin samu huɗu ko biyar a littafi guda, kin dace.

Tambaya: Ɗalibai 45 gare ni, littattafai tara kawai makaranta ta iya saya, darasin kuma minti 40 ne. Na gwada sau biyu, sai aji ya zama hayaniya, ko kuma ni kaɗai nake magana. Yaya zan tsara shi?
Daga wani malami, Idi-Araba

Amsa: Malam, littattafai tara sun isa. Ka raba ajin rukuni tara, mutum biyar-biyar, kowane rukuni da littafinsa mai lamba a bango. Littafin yana kwana wurin mutum ɗaya kowane dare, daga Litinin zuwa Juma'a. Wanda ya fi jinkirin karatu a rukunin shi za ka ba ranar Juma'a, don ya samu Asabar da Lahadi. Daga shafi 12 na mako, takwas ake karantawa a gida, aikin da ba ya wuce minti 25 ga matsakaicin ɗalibi, huɗun da suka ƙunshi wurin zaɓi kuma kai ne za ka karanta su a aji. Ka sa zare ko ƙaramar takarda a inda karatun gida ya tsaya. Wasu za su leƙa gaba, wannan ba laifi ba ne, sai dai ka kafa doka cewa wanda ya leƙa ba ya faɗa wa sauran. Ka liƙa takarda a cikin bango inda mai karɓa zai sa hannu da kwanan wata, ka sa a rufe littafin da leda, musamman da damina. Littafin da ba a san hannun wa yake ba, kafin mako na uku ya ɓace.

Minti biyar na farko, ka zaɓi mutum biyu daga rukunoni daban-daban su faɗi abin da ya faru a karatun gida. Kada ka sanar da su tun da wuri, don kowa ya zo da shiri. Daga nan ka karanta shafi huɗu a bayyane, wanda zai ci kamar minti goma in shafin yana da kalma 250. Kai za ka karanta, ba ɗalibai bi da bi ba. Karatun bi da bi yana kashe labari, domin kowane yaro yana ƙirga layi don ya gano inda nasa zai faɗo, ba ya sauraron komai, mai rauni kuma yana shan dariya.

Sai babban abu: ka tsaya daidai kafin jarumin ya yanke shawara, ka rufe littafin. A ce labarin ya kai inda yaro ya ga amininsa ya ɗauki wayar wani ɗan aji, ga shi an kama wani daban ana shirin korarsa, shugaban makaranta kuma ya tambayi ko akwai wanda ya ga wani abu. Nan za ka tsaya. Ka ba su minti uku, kowa ya rubuta shiru a littafinsa abin da yake ganin ya kamata yaron ya yi da dalilinsa. Kada ka tsallake wannan rubutu. In babu shi, duk wanda ya fi baki a rukuni shi zai fara magana, sauran huɗun su bi shi, ka tashi da ra'ayi tara maimakon 45.

Minti goma na gaba na rukuni ne. Kowa da aikinsa: mai kula da lokaci da tabbatar da kowa ya yi magana, mai rubuta matsayar rukuni, mai nemo hujja daga littafin da lambar shafi, mai kare ra'ayin da aka fi ƙi ko da bai yarda da shi ba, da mai gabatarwa. Ayyukan suna zagayawa kowane mako. Hayaniyar da ka gani tana zuwa ne idan aka ce wa yara "ku tattauna" ba tare da an ba kowa abin da zai riƙe ba. Sannan minti takwas na aji gaba ɗaya, inda rukuni uku kawai za su gabatar, ba tara ba, sauran su jira makonninsu. Minti huɗun ƙarshe ka buɗe littafin ka karanta abin da jarumin ya yi, ka bar su su fita da shi suna gardama a hanya.

Tambayoyinka su ne rabin aikin. "Wane darasi muka koya?" tambaya ce da ke rufe baki, domin amsarta ɗaya ce kuma kowa ya haddace ta tun firamare: sata ba kyau, mu guji abokan banza. Ka tambayi abin da ba a iya amsawa sai an koma cikin labarin. Me yaron zai rasa in ya yi magana? Wa zai cutu in ya yi shiru, kuma ya san da haka? Akwai hanya ta uku, misali ya je wurin abokin ya ba shi zuwa gobe ya mayar da wayar da kansa? In da wanda aka kama ƙaninsa ne, amsarku za ta canza? In ta canza, me ya sa? Bayan kowace tambaya ka yi shiru ka ƙirga biyar a zuci kafin ka nuna wani. Malamai da yawa ba sa jure wannan shirun, sai su amsa da kansu, daga nan kuma darasi ya koma lacca.

Ka saurari dalili fiye da amsa. Lawrence Kohlberg, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya gabatar da bincikensa a 1958 inda ya nuna cewa dalilan mutane kan daidai da kuskure hawa-hawa ne: akwai mai gudun hukunci ko neman lada nan take, akwai mai duba abin da jama'arsa da doka suke so, akwai mai duba haƙƙi da adalci ko da ba wanda ke kallo. Ma'auninsa bai kama duk abin da muke ƙimantawa ba, kamar kunya da zumunci da tsoron Allah, amma yana taimakon kunnen malami. Yara biyu za su ce "ya faɗi gaskiya", ɗaya don kada a gano a haɗa da shi, ɗaya don yaron da aka kama yana da haƙƙi a wuyansa. Ka sa na farko ya ji dalilin na biyu daga bakin sa'ansa. Wannan ya fi shiga fiye da in kai ka faɗa.

Za su tambaye ka ra'ayinka, kuma ya kamata ka faɗa, domin malamin tarbiyya ba ɗan kallo ba ne. Amma ka faɗe shi a ƙarshe, a taƙaice, da dalilinka. In ka fara da shi, gardama ta mutu.

Kada ka cike giɓin littattafai da yin fotokwafin littafi sukutum, haƙƙin marubuci ne. In za ka ƙara, ka duba masu sayar da tsofaffin littattafai a Yaba da Ojuelegba, ka ƙirga shafukan kafin ka biya, don bugun jabu yakan zo da shafi a juye ko babi a ɓace. Na Hausa kuwa sun fi samuwa a Kano da Zariya, sai ka ba da saƙo ga masu zuwa Arewa tun kafin zango ya fara.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina fita tun asuba, ba na dawowa sai dare. 'Yata mai shekara 15 kullum tana kan waya tana karanta littattafan Hausa, yanzu kuma makaranta ta ce za a riƙa karanta labari a aji. Ashe ba waɗannan littattafai ne ke ɓata yara ba?
Daga wani uba, Mile 12

Amsa: Alhaji, damuwarka tana kan hanya, amma abu biyu ne a nan. Littattafan da ake turawa babi-babi ta WhatsApp da Wattpad ba sa bi ta hannun edita. A cikinsu akwai masu kyau ƙwarai, akwai kuma waɗanda aka rubuta don manya, da batsa a fili, kuma ba abin da ke raba su a wayar yarinya. Littafin aji kuwa malami ya karanta shi, an san sunansa, kana da ikon ka ce a nuna maka. Ka nemi a ba ka shi kwana biyu, ko ka ba mahaifiyarta ko yayarta ta duba.

Kasancewar mugun hali a cikin labari ba shi ne abin tsoro ba. Abin dubawa shi ne yadda aka nuna shi: an ƙawata shi ne har mai karatu ya yi sha'awa, ko an nuna abin da ya jawo wa mai shi da na kusa da shi? Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kwatanta abokin kirki da mai ɗauke da turaren miski, mugun aboki kuma da mai hura zugazugin maƙera. Yarinya tana buƙatar ta iya bambance su tun kafin ta zauna kusa da wutar, kuma labari yana ba ta wannan dama ba tare da ta ƙone ba.

Game da waya, ƙwacewa kaɗai ba ta magani, za ta ara wurin ƙawa. Ka sa mahaifiyarta ta tambaye ta sunan abin da take karantawa, ta karanta babi ɗaya daga tsakiya, ba na farko ba, domin na farko yakan zo da tsabta. A sa lokacin ajiye waya da dare, a falo za ta kwana. Kai kuma ko sau ɗaya a mako, ranar da ka samu sarari, ka ce ta ba ka labarin littafin ajin, ka tambaye ta wa take ganin ya yi daidai. Za ka ji tunanin 'yarka game da ƙawaye fiye da yadda za ka ji in ka tambaye ta kai tsaye su wa take hulɗa da su.

Tambaya: Ɗalibaina suna jin Hausa sarai, amma a nan aka haife su, ba su iya karanta ta ba. In haƙura in yi da Turanci?
Daga wata malamar Islamiyya, Obalende

Amsa: Kada ki haƙura, Malama. Yaron Legas yana koyon Turanci da Yarbanci a makaranta, dokar jihar ta 2018 ma ta wajabta koyar da Yarbanci, a titi yana Turancin buroka, Hausa kuwa a baki kawai ya same ta. Amma wanda ya iya karatun boko kuma yana jin Hausa, abin da ya rage masa kaɗan ne. Ki ware minti goma a darussa uku na farko don haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da 'y, da kuma ts da c, domin ya saba furta c yadda take a Turanci. Ki rubuta kalmomi bibbiyu a allo, irin su bari da ɓari, kafa da ƙafa, daidai da ɗaiɗai, su karanta su faɗi ma'ana. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, shi ya sa suke tuntuɓe a kalma guda amma su gane ta a cikin jimla. Ki koya musu su kai ƙarshen jimla da ido kafin su furta. A makonnin farko ki karanta, suna bin layi da yatsa. Wajen tattaunawa kuwa ki bar kowa ya yi da harshen da tunaninsa ke fita, ko da ya gauraya. In kika tsaya gyara Hausarsa a tsakiyar hujja, ba zai sake ɗaga hannu ba.

Tambaya: Muna karanta labarin yarinyar da ƙawarta ta tona mata asiri, sai wata ɗaliba ta fashe da kuka ta fita. A wani ajin kuma sun laƙaba wa wani yaro sunan mugun cikin littafin. Na yi kuskure ne?
Daga wata malama, Alaba Rago

Amsa: Labarin ya taɓa inda ke ciwo, Malama, kuma hakan yakan faru. Abin da ya rage shi ne shinge. Tun ranar farko a rubuta dokoki uku a manna a bango: muna magana a kan mutanen littafi, ba a kiran sunan kowa na aji ko na unguwa, ba a tilasta wa kowa ya ba da labarin kansa, abin da aka faɗa a rukuni ba ya zama abin tsokana a waje. Ki guji tambayar "wa irin wannan ta taɓa faruwa da shi?" Amfanin ƙagaggen labari shi ne yaro ya yi maganar damuwarsa da sunan wani, ba tare da ya tsiraita kansa ba, wannan tambaya kuwa tana yaye rufin.

Yarinyar da ta fita, kada ki bi ta da tambayoyi a gaban aji. Ki tura ɗaliba ɗaya natsattsiya ta zauna da ita, ki ci gaba da darasi, bayan an tashi ki same ta ita kaɗai a wurin da ake hango ku amma ba a jin ku. In saɓanin ƙawaye ne, sauraro ya wadatar. In kuwa ta ambaci duka mai tsanani, ko wani yana taɓa ta, ko tana tunanin cutar da kanta, kada ki yi mata alkawarin rufe maganar. Ki gaya mata a hankali cewa dole ki sanar da wanda zai iya taimako, ki rubuta abin da ta faɗa da kalmominta da kwanan wata, ki kai wa shugabar makaranta ko mai ba ɗalibai shawara a ranar. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara ta 2007, tana kuma da hukumar da ke kula da cin zarafi a gida da na lalata, makaranta ce za ta tuntuɓe ta.

Laƙabin kuwa ki kashe shi a ranar da kika ji shi, kafin ya bi yaron gida. Ki kira masu yi su kaɗai, ki tuna musu doka ta farko. A darasi na gaba ki sa kowa ya rubuta shafi ɗaya da bakin wannan mugun, yana bayanin yadda ya kai ga abin da ya aikata. Wanda ya zauna ya yi tunanin abin da ya tura mutum ga laifi, sunan yakan daina yi masa daɗin jifa.

Tambaya: Makaranta tana son maki a ƙarshen zango. Yaya ake ba tarbiyya maki?
Daga wani malami, Ijora

Amsa: Malam, halin yaro ba ya shiga takardar maki, kuma ranar da ka ba "amsa mai kyau" maki, ranar za su fara yi maka ƙarya. Abin da za ka auna shi ne aikin tunani. Ka raba 20 haka: biyar don karatun gida, wanda takardar sa hannu da bitar farkon darasi za su nuna, biyar don riƙe aikinsa a rukuni, goma don rubutu ɗaya na ƙarshen zango mai kalma 250 zuwa 300, misali wasiƙa zuwa ga jarumin a daren da zai yanke shawara. A cikin goman, huɗu na hujja daga littafin da lambar shafi, uku na kawo ra'ayin da ya saɓa wa nasa da adalci kafin ya amsa shi, uku na tsari da tsabtar harshe. Ɗalibin da ya ce jarumin ya rufa wa abokinsa asiri, ya kawo hujja, ya kuma faɗi wanda zai cutu da hakan, zai iya cin goma, ko da kai ba ka yarda da shi ba. Saɓaninka da shi ka rubuta masa a gefen takarda da fensir, ku yi maganar baki da baki.

Ka karɓi littattafan rubutun minti uku sau biyu a zango, mako na uku da na bakwai, rukuni uku a rana don kada su taru maka. Kada ka sa musu maki. Ka kwatanta dalilan yaro na farko da na baya, ka rubuta masa layi ɗaya a kan abin da ka ga ya canza.